Neil Young: Fina-finai biyu, fuskoki biyu

Mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, wanda aka haifa a 1945, ya yi suna wajen haɗa kiɗan gargajiyar Amurka da na rock, kuma an sha ɗaukar wasanninsa a fim.

Ɗaya daga cikin fitattu shi ne Heart of Gold, wanda Jonathan Demme ya ɗauka a zauren Ryman da ke Nashville, cikin watan Agustan 2005.

A shekarar ce aka yi wa Young aiki saboda kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, mahaifinsa kuma ya rasu. Shi ya sa waƙoƙin suka karkata ga iyali, tsufa da mutuwa, kyamara kuma ta fi tsayawa kan fuskarsa maimakon 'yan kallo.

Shi kuwa CSNY/Déjà Vu na 2008, Young ne da kansa ya shirya shi. Fim ɗin ya bi rangadin da ya yi da Crosby, Stills da Nash a 2006, suna adawa da yaƙin Iraƙi.

A Atlanta, wasu masu sauraro sun fice a fusace da aka rera waƙar neman tsige Shugaba George Bush. Young bai yanke wurin daga fim ɗin ba.