Tsarin Iyali da Iyaye Mata Masu Shan Miyagun Ƙwayoyi

Daga cikin ayyukan da suka fi yi wa jami'an kula da jin daɗin yara nauyi, akwai tattauna tazarar haihuwa da uwar da shan ƙwaya ya yi wa katutu. Ƙwayoyi irin su heroin sukan ɗauke wa mace al'adarta, sai ta zaci ba za ta ɗauki ciki ba, alhali kuwa tana iya ɗauka. Jaririn da aka haifa cikin wannan hali yakan zo da rawar jiki da kuka mai tsanani, sau da yawa kuma kotu kan raba shi da uwarsa. A 2015, binciken Farfesa Karen Broadhurst ta Jami'ar Lankasta ya nuna cewa, daga cikin matan da aka karɓe wa 'ya'ya a Ingila, kusan 1 cikin 4 kan sake gurfana gaban kotu a kan irin wannan magana cikin shekara 7.

An bi hanyoyi dabam-dabam don magance wannan matsala. A Amurka, ƙungiyar da Barbara Harris ta kafa a 1997, wadda daga baya aka sani da Project Prevention, ta riƙa ba masu shan ƙwaya kuɗi don su yarda a tsayar musu da haihuwa. Masu suka suka ce yardar da aka saya daga hannun mabuƙaci ba yarda ba ce. A Landan kuwa, shirin Pause da aka fara a 2013 ya ba mata taimako na wata 18 a kan muhalli da lafiya, bisa sharaɗin su dakata da haihuwa. Shi ma wannan sharaɗi bai tsira daga suka ba.

Darasin da ke ciki shi ne, uwar da ke tsoron a ƙwace mata ɗa takan amsa duk abin da jami'i ya faɗa, ko ta guje shi. Saboda haka wajibi ne a raba wannan magana da shari'ar ɗanta, kada kuma a tayar da ita ranar zaman kotu. A bayyana mata hanyoyin da za ta iya janyewa daga gare su, kamar ashanar hannu mai aikin shekara 3, a haɗa ta da masu maganin shan ƙwaya, sannan a bar mata zaɓi, domin shawarar da ta yanke da kanta ita ce mai ɗorewa.