Ɗaliban Jami'a Da Rayukan Masu Naƙuda A Rumde

Daga unguwar Rumde cikin Jimeta zuwa Asibitin Ƙwararru ba wata tafiya ba ce a Keke Napep. Duk da haka, a nan ma kamar sauran garuruwan Arewa, akan sami macen da za ta kwana tana naƙuda a ɗaka domin maigida ya yi tafiya, kuma babu wanda zai ba da iznin fita da ita. Irin wannan jinkiri shi ne wurin da ɗaliban jami'a za su fi yin amfani.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya saboda ciki ko haihuwa, watau fiye da rubu'in waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya. Zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa su ne kan gaba, alhali kuwa dukansu suna da magani in an kai mace asibiti da wuri.

A shekarar 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mata kashi uku: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku aikin hukuma ne, domin ɗalibi ba shi gina hanya, ba shi ɗaukar ungozoma aiki. Amma na farko magana ce ta zaure da tsakar gida, kuma nan ne bakin ɗalibi ke iya kaiwa.

Yola kuwa ba ta rasa ɗalibai ba. Akwai Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ga shi yanzu tana da asibitin koyarwa a cikin Yola. Sa'an nan akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, inda aikin taimakon al'umma ya zama darasi cikin karatu. A 2014, lokacin da 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika da Madagali suka cika garin, ɗalibanta da malamanta suna cikin waɗanda suka yi ta rabon abinci.

Har ila yau, tun 2018 wani sashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da wata ƙungiyar ɗalibai ta Amurka, suke gudanar da shirin Millennium Fellowship, inda akan zaɓi ɗaliban jami'o'i, har da na Nijeriya, a horar da su na zango guda, kowanne ya ɗauki aiki ɗaya daga cikin muradun ci gaba na duniya. Murad na 3 yana neman mata masu rasuwa su koma ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000 kafin 2030, na 5 kuma adalci ne tsakanin maza da mata. A unguwa kamar Rumde, waɗannan biyun abu guda ne.

To, amma zango guda ba shi da tsawo, saboda haka lalle ne a zaɓi abin da zai ɗore. Tara mata a yi musu lacca da Turanci, a ɗauki hoto a watse, ba ya hana mutuwa. Abin da ke hanawa shi ne a zauna da magidanta a majalisa da ƙofar masallaci da coci, ta hannun mai unguwa da limamai, a nemi kowane miji ya ba da izni tun ciki na ƙarami, ya ajiye kuɗin mota, ya san wanda zai ba da jini. A kuma koya wa uwar miji alamun haɗari: zubar jini, da kumburin fuska da ƙafafu, da matsanancin ciwon kai, da naƙudar da ta wuce yini ko kwana. Awon ciki ma, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je sau takwas.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya ba Modibbo Adama tuta, ta horar da jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata da harshensu. Ɗalibar da ta tashi a Rumde, mai jin Fulatanci da Hausa, ƙofa a buɗe take gare ta a gidajen da likita ba zai taɓa shiga ba. In ta shiga, ta bar gidan da izni a hannun matar, ta gama aikinta.