Allurar ɓargo ba ta shanye ƙafa

Da zarar likita ya ce sai an ɗebi ɓargon majinyaci an duba, sai hankalin dangi ya tashi. Wannan ya ce allurar tana shanye ƙafafu, wancan ya ce taɓa wurin ne ke watsa ciwo a jiki.

Maganar shanyewar ƙafa ba ta da tushe. Daga bayan ƙashin ƙugu ake zuƙo ɓargon, can gefe, nesa da lakar da ke cikin ƙashin baya. Mutane suna haɗa shi ne da ɗibar ruwan baya da ake yi wa mai sanƙarau, alhali aiki biyu ne daban. Ana kashe wurin da allura, a gama cikin kamar rabin awa, mutum ya tashi da ƙafarsa. Zafi kam akwai shi, musamman lokacin zuƙar, wurin kuma yakan yi tsami kwana biyu. Duk wanda ya ce maka babu zafi ko kaɗan, lallashinka yake yi. Batun watsa ciwo shi ma shaci-faɗi ne, domin sankarar jini a ɓargon take farawa, tana yawo a jini tun kafin a kawo allura. Gwajin ne ma ke nuna irinta, daga nan a san maganin da ya dace. Mai sikila kuwa ba ya bukatarsa kafin a gane cutarsa, gwajin jini ya wadatar.

Inda aka fi cakuɗa gaskiya da ƙarya shi ne dashe. Gaskiya ne dashen ɓargo yana warkar da sikila. An fara ganin haka a Amurka, a rahoton 1984 kan wata yarinya da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai ga shi sikilarta ma ta tafi. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi na farko a 2011 ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, na Jami'ar Legas kuma ya fara a 2024. Yaran da suka samu ɓargon ɗan'uwa da ya dace da su, sama da tara cikin goma suna rayuwa.

Sai dai tsoron jama'a ya sauka inda bai kamata ba. Ana jin tausayin mai bayarwa, alhali ɓargonsa yana cikowa cikin 'yan makonni, kuma bayarwar ba ta hana shi haihuwa. Ko mai AS yana iya bai wa ƙaninsa. Mai karɓa ne ke shan wuya: sai an kashe tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi, wanda kan iya taɓa haihuwarsa, ya yi makonni a killace ba garkuwar jiki, wani lokacin kuma sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jikin. Dacewar ma ba ta da tabbas: ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu, 'yan uba kuwa da wuya.

Garin maganin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan yana sabunta ɓargo, cin kuɗin talaka ne kawai. Romon ƙashi abinci ne mai kyau, amma ba ya sauya jinin kowa.

Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne, dashe jini yake sauyawa, ba ya taɓa ƙwayar haihuwa. Yaron da ya warke, ko da gwajinsa ya koma nuna AA, yana nan yana iya gadar wa kowane ɗansa S. Don haka ran da aka zo gwajin aure, irin wanda Kano ta wajabta a 2024, da tsohuwar takardarsa ta SS za a yi lissafi.