Paul Elvstrøm, Matuƙin da Ya Gyara Jirginsa da Hannunsa

A shekarar 1948 wani saurayi ɗan Denmak mai shekara 20 ya shiga gasar Olamfik ta Landan, a tseren ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa, wanda aka yi a gaɓar Torbay. Bai kammala tseren farko ba, amma shi ya tafi da zinariya. Sunansa Paul Elvstrøm, haifaffen Hellerup da ke gefen Kofenhegen. Ya sake lashe ta a 1952, da 1956, da 1960, duka a jirgin Finn mai ɗaukar mutum ɗaya.

Lambobin ba su ne suka fi burge ni ba. A zamaninsa ana ɗaukar wannan wasa a matsayin shaƙatawar masu hali, a fita da bazara, a ajiye jirgi idan sanyi ya shigo. Shi kuwa cikin tsananin hunturu yake fita mashigin Øresund yana atisaye. Idan iska ta cika ƙyallen jirgi takan karkatar da shi, sai matuƙi ya saƙala ƙafafunsa a maɗauri, ya kwantar da gangar jikinsa waje a kan ruwa don kada jirgin ya kife. Elvstrøm ya haɗa benci a gida mai kama da gefen jirgi, yana rataye a kai har cinyoyinsa da cikinsa suka saba. Abokan hamayya na gajiya su zauna, shi yana nan a rataye.

Duk abin da ya dame shi a kan ruwa, sai ya koma ya ƙera maganinsa. Ruwa na taruwa a cikin jirgi, hannun matuƙi kuma ba ya da sararin kwarfa. Sai ya fito da wata 'yar kafa a ƙasan jirgin, wadda gudun jirgin kansa ke zuƙe ruwan waje ta cikinta. A 1954 ya kafa kamfanin ɗinka ƙyallayen jirgi, daga baya kuma ya shiga zana fasalin jiragen kansu tare da abokin aikinsa Jan Kjærulff. Bai ɓoye waɗannan dabaru ba, ya sayar, ya kuma rubuta littattafai, har da na bayanin dokokin tseren. Wannan halin ya cancanci yabo.

Sau takwas ya halarci Olamfik. A 1984, yana da shekara 56, ya yi tsere da 'yarsa Trine a jirgi ɗaya, suka zo na huɗu. Ya rasu ranar 7 ga Disamba, 2016, kamfaninsa kuwa har yau yana aiki da sunansa.