Gida Ko Birni? Tushen Sarautar Kabi

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin tarihin ƙasar Hausa yakan ci karo da wani abin lura a kwarin Rima, watau mai riƙe da laƙabin Sarkin Kabi yana zaune a Argungu, alhali Birnin Kebbi mazaunin Sarkin Gwandu ne. Wannan maƙala za ta nuna cewa a tsarin Kabawa sarauta ta jingina ga gidan Kanta ne, shi ya sa ta rayu bayan birane biyu sun fita daga hannunta.

2.0 Daga Surame Zuwa Argungu

Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516, ya kafa daularsa, ya gina Surame. Zuriyarsa ce ake kira Lekawa. Wajen farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya mai da fada Birnin Kebbi, Surame ta zama kufai, ba tare da wani ya ce sarauta ta sāke ba.

Babbar jarrabawa ta zo a 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Sarki Muhammadu Hodi ya fice, ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a 1826. Sama'ila Karari ya ɗora daga Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Duk da haka, da Nabame ya ɗaga kai a 1849, Kabawa suka yi masa mubaya'a, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Ba shi da birnin kakanninsa a lokacin. Abin da yake da shi jinin Kanta ne, kuma wannan ya wadatar. Lafiyar Toga ta 1867, watau sulhun da aka ƙulla da Gwandu zamanin Sarki Abdullahi Toga, ta nuna abokan gāba ma sun yarda akwai sarautar da za a yi yarjejeniya da ita.

3.0 Kwatanci da Makidoniya

Irin wannan tsari ya wanzu a tsohuwar Makidoniya da ke arewacin Girka. Can ma sarauta ta gida ɗaya ce, gidan Argiyawa, kuma babu ƙa'idar da ta tilasta a naɗa ɗan fari. Ɗan sarkin da manyan mayaƙa suka goya wa baya shi ke hawa. Sun tashi daga Aigai suka koma Pella, amma suka ci gaba da binne sarakunansu a Aigai, inda aka tono kaburburansu a 1977. Bambancin ya bayyana ne bayan rasuwar Iskandar Mai Girma a shekarar 323 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Kasanda ya sa aka kashe ɗan Iskandar wajen 310, gidan ya ƙare, hafsoshi suka raba daular. Pella tana nan tsaye, amma sarautar Argiyawa ta tafi. Lekawa kuwa sun rasa birni, magaji ya tsira.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci dalilin da ya sa laƙabin Sarkin Kabi bai bi Birnin Kebbi ba. Kabi a nan sunan ƙasa ne da jama'arta, kuma haƙƙin mulkinta yana ga zuriyar Kanta duk inda ta sauka. Saboda haka ya kamata masu nazarin sarautun Hausa su riƙa bambance laƙabin da ke nuni ga gari da wanda ke nuni ga jama'a, domin rashin yin haka kan sa a ɗauka daula ta mutu ranar da aka ci birninta.