Magnoliya Mai Furen Shunayya, da Maganin da Ke Cikinta

Muna so mu ba 'yan'uwa labarin wani ƙaramin itace na ƙasar Sin, wanda masana tsire-tsire ke kira Magnolia liliiflora. Asalinsa kudu maso yammacin ƙasar ne, wajen Sicuwan da Yunan, amma tun da daɗewa a ke shukarsa a lambunan Sin da Japan. Ba ya yin gangar jiki ɗaya. Rassansa daga gindi su ke tashi, kamar na sabara, tsawonsa kuwa bai cika wuce ƙafa 12 ba. Da sanyi ya kan kaɗe ganye sarai.

Sa'ad da sanyi ya ja da baya, wajen watan Afrilu, sai furanni su fito tun ganye bai kankama ba. Kowane fure a miƙe ya ke tsaye bisa kan reshe kamar ƙoƙo, bayansa launin shunayya, cikinsa fari-fari. Masana sun ce dangin magnoliya suna cikin mafiya daɗewa na itatuwa masu fure, gama an sami alamunsu cikin duwatsun da su ka yi shekara wajen miliyan 95. Ƙwari masu ɓawo a baya, dangin buzuzu, su ne su ka fi kai garin fure daga wannan zuwa wancan, shi ya sa furen ke da kauri, don ya jure cizonsu.

To, maganin fa ba a cikin wannan kyakkyawan fure ya ke ba. Yana cikin ƙullin furen tun bai buɗe ba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama kanumfarin da mu ke saya a kasuwa shi ma ƙullin fure ne aka tsinke aka shanya. Ƙullin magnoliya mai tsini ne, lulluɓe da gashi mai laushi, ya yi kama da alƙalamin gashi da mutanen Sin ke rubutu da shi, har su kan kira itacen "alƙalamin itace". A kan tsinke shi a ƙarshen sanyi, a shanya a inuwa. Sunansa wurin masu magani shin-yi. In an bar shi ya buɗe, an yi hasarar magani, sai dai a sha kallo.

Aikinsa a hanci ya ke. Ana ba da shi ga mai toshewar hanci, da yawan majina, da ciwon kan da ke tafe tare da su, da wanda ya daina jin ƙanshi. Kaɗan a ke ɗiba, a tafasa tare da waɗansu magunguna, a sha. Amma kafin a jefa shi tukunya sai an ƙulle shi cikin ƙyalle, don gashin nan in ya shiga ruwa ya kan kama maƙogwaro, ya sa tari. Mu dai wannan dabarar ƙyalle ta fi ba mu sha'awa, gama ta nuna mutanen da su ka daɗe suna lura da abin da su ke ba majinyaci. Likitan nan Li Shizhen ya sa shin-yi cikin babban littafinsa na magunguna, Bencao Gangmu, wanda aka buga a 1596, shekara 3 bayan rasuwarsa. Masu bincike na zamani kuwa sun sami wani mai mai ƙanshi cikin ƙullin, wani sashinsa irin wanda ke cikin ganyen itacen turare ne. Sauƙin numfashi ya ke kawowa, ba ya kashe ƙwayar cutar mura.

Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye. Mutane da yawa sun ɗauka shin-yi na mai furen shunayya ne kaɗai, amma littafin magunguna na gwamnatin Sin na yanzu 'yan'uwansa uku ya lissafta, watau Magnolia biondii, da denudata, da sprengeri. Har wa yau akwai Magnolia officinalis, wadda ɓawonta a ke amfani da shi, don kumburin ciki. Wanda ya ji an ce "magnoliya magani ce" ya tsaya nan, yana iya ba mai mura maganin ciki.

Turawa kuwa don ado su ka so shi. Sunan ma na wani malamin tsire-tsire ne na Faransa, Pierre Magnol, wanda ya rasu a 1715. A 1790 aka kai itacen Ingila daga Japan. A 1820 wani tsohon hafsan sojan doki na Napoliyon, Soulange-Bodin, ya haɗa shi aure da mai farin fure, denudata, a lambunsa kusa da Faris. Abin da su ka haifa ya fara fure a 1826, shi ne kuwa ya cika lambunan Turai da Amurka, har ya fi iyayensa duka biyu suna a can.