Birnin Kano na 1851 a kan takarda: wa ya gani, wa ya zana?

Ran nan ina zaune wajen wani mai shayi a Sunkani, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola ta Jihar Taraba, sai wani saurayi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi Kano kafin zuwan Turawa, wani Bature ya ɗauka." Na duba, sai ga soraye da bukkoki sun bazu iyakar ganin ido, itatuwan dabino sun yi tsiri-tsiri a tsakaninsu. Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce hoto ne na gaske, wasu suka ce ƙaryar kwamfuta ce. To, duka ɓangarorin biyu ba su dace ba. Zane ne, kuma ya haura shekara 160 da bugawa.

A ƙasashen Turai irin waɗannan zane-zane sana'a ce mai zaman kanta, musamman a garuruwan da ke da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, inda masu hali kan tafi wanka don neman lafiya, kamar Bath a Ingila da Baden-Baden a Jamus. Baƙo ba ya son komawa gida hannu rabbana, saboda haka masu zane suka riƙa zana manyan gine-gine da tituna da masu kai da kawowa, ana bugawa ana sayar musu. A 1798 wani mai suna Thomas Rowlandson ya fitar da jerin zane na ba'a game da zaman baƙi a Bath, yau kuwa masana tarihi na duba irinsu don sanin yadda gari yake a da. Mu ma muna da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, amma birni bai kafu a bakinsa ba. Namu zane-zanen ta wata hanya dabam suka zo, watau ta hannun matafiya.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Dokta Heinrich Barth, Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850 cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko, ya shiga Kano ran 2 ga watan Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ran 10 ga watan ya hau Dutsen Dala da fensir da takarda, ya zana abin da ya hango. Wannan shi ne asalin abin da ke cikin wayar saurayin nan.

Amma fa a lura, abin da muke gani yau ba hannun Barth ba ne kai tsaye. Da ya koma Turai a 1855, sai aka danƙa zayyane-zayyanensa ga wani gwanin zane na birnin Munich, Johann Martin Bernatz, shi ya gyara su ya ƙawata su, aka buga cikin littafin tafiyar, mai juzu'i biyar, a 1857 da 1858. Yadda ake bugun kuwa shi ne, a sami faifan dutse mai santsi a yi zanen a kansa da tawada mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a shafa tawadar bugu. Ita kuma ba ta kama ko'ina sai inda maiƙon yake. Sai a ɗora takarda a danne. Kowane launi da nasa dutsen.

Shi Bernatz ya taɓa zuwa Habasha wajen 1841 zuwa 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Bai ga ginin tubali da makuba da idonsa ba, bai ga yadda Bakano ke naɗa rawani ba. Don haka a ganina mai hankali zai raba zanen nan kashi biyu. Shimfiɗar gari, da inda gidaje suka yi cunkoso, da inda fili yake, wannan shaidar Barth ce, kuma ana iya gwada ta da rubutunsa da taswirar unguwannin Kano da ya yi. Amma ƙananan abubuwa, kamar tsayuwar mutane da faɗuwar tufafinsu da hasken sararin sama, nan sai a yi hattara, don mai ƙawata zane yana aiki ne domin idon mai saye a London da Gotha.

Duk da haka ba ƙaramar taska ba ce. Barth ya rubuta cewa yawancin filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da fako, mutane sun taru ne daga gindin Dala zuwa kudu, Jakara ta raba gari biyu. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, suna kaiwa 60,000 da rani in fatake sun sauka. Wanda ya hau Dala yau ya duba kowace kusurwa, in ya ga fili to maƙabarta ce ko filin makaranta. Akwai kuma abin da zanen bai nuna ba, rubutun ya faɗa: a kasuwar nan da ake sayar da turkuɗi da takalma har da bayi ake sayarwa.

Abin da ya ƙara wa irin wannan takarda daraja shi ne halin ginin ƙasa. Ginin dutse na Bath yana nan ana gwada shi da zanensa. Namu kuwa in aka yi damina biyu uku ba yaɓe, ya tafi. Inda ruwa ya bari, mutum ya ƙarasa. Tsohon masallacin Juma'a na Kano da hasumiyarsa ta ƙasa sun kau, aka gina sabo zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, wadda ta tsaya ɗaruruwan shekaru, a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi gini a kanta. Cikin littafin akwai zanen kasuwar Sakkwato, da na Agadas, da na Tambutu, kowanne da irin wannan labari.

Mu nan ƙasar Muri fa? Barth ya matso kusa da mu. Ran 18 ga Yuni, 1851, ya haye Binuwai a mahaɗarta da kogin Faro, akwai ma zanen wurin cikin littafin. Ya isa Yola, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, ya juya Barno. Sai a 1854 Dokta Baikie ya hauro Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad har ya ziyarci Sarkin Muri. Jalingo kuwa a lokacin ba a kafa ta ba, sai 1893 Sarki Muhammadu Nya ya mai da ita mazauninsa. Ashe ko da Abdulkarim ya biyo ta nan, ba zai tarar da birnin da zai zana ba.

Da na gama wannan bayani wajen mai shayi, sai na tambayi saurayin ko yana da hoton kasuwar Sunkani a wayarsa, ko na zauren gidansu, ko na rumbun kakansa. Ya yi ta latsawa. Akwai hotunan biki, akwai na 'yan ƙwallo, akwai na 'yan takara. Zauren kuwa, ya ce, bara waccan aka rushe shi aka sa bulo da kwano.